“Ai Tara Na Biya”: Neman Biza Ga Wanda Ya Taɓa Shiga Hannun Hukuma

Ɗan ƙanwata ne ya yi mini sallama bayan la'asar, da takardu cikin jakar leda, bakinsa har kunne. Wata jami'a a Ingila ta ba shi gurbin digiri na biyu, an haɗa kuɗin makaranta da ƙyar da jiɓin goshi, saura biza. Ya ce, “Kawu, a duba mini kafin a tura.” Na sa tabarau na bi fom ɗin shafi bayan shafi, har na iso inda ake tambayar ko kotu ta taɓa yanke wa mutum hukunci a kowace ƙasa. An sa “a'a”.

“Wa ya cika wannan?”

“Yaron kafe ne, Kawu. Aikinsa ke nan kullum.”

“Ya tambaye ka kafin ya sa?”

“Ai wurin nan duka a'a ake sawa.”

“To, rigimar filin ƙwallo fa?”

Ya yi dariya yana sosa ƙeya. “Haba Kawu, shekara tara fa ke nan. Kuma ko kwana ɗaya ban yi a gidan yari ba. Ai tara na biya.”

Ni na je belinsa a caji ofis waccan shekarar, shi ya sa ban manta ba. An tashi wasa aka kaure da faɗa, wani ya rasa haƙori, majistare ya ce wata uku ko tarar naira dubu goma, uwarsa ta sayar da tunkiya aka biya. A wurinsa magana ta mutu tun ranar. A wurin jami'in biza kuwa, wanda ya amsa laifi a gaban alƙali ya biya tara, an yanke masa hukunci ke nan, ba wani suna.

Na daɗe ina kallon masu neman fita, 'yan kasuwa da ɗalibai da masu zuwa asibiti. Abin da na lura shi ne tsohon laifi ba kasafai yake toshe kowace hanya ba. Yakan toshe wata, ya jinkirta wata, wata ƙasar kuma ko a jikinta. Abin da ke yi wa mutane sakiyar da ba ruwa shi ne wannan “a'a” da ake dangwalawa ba a karanta ba. Ingila in ta kama ka da yaudara a takardar biza, shekara 10 ba kai ba ƙasarta. Kanada shekara 5. Amurka kuwa haramcin har abada ne, sai in an yi maka sassauci na musamman. Laifin da da ka faɗa za a ɗaga kai a wuce shi, ka ɓoye shi ya jawo maka wannan, garin neman gira an rasa ido. Kuma “ejan ne ya cika” uzuri ne da ba a cika saurara ba, domin sunanka ne a ƙasan shafin da ke cewa duk abin da aka rubuta gaskiya ne.

Don haka fara da sanin matsayinka, domin da yawa ba su sani ba. Kama daban, gurfanarwa daban, hukunci daban. Akwai wanda 'yan sanda suka kwashe a samame, ya kwana biyu a bayan kanta, dangi suka zo aka sake shi: an kama shi, ba a hukunta shi ba. Akwai wanda aka kai kotu, mai ƙara ya daina zuwa, alƙali ya kori ƙarar. Akwai wanda aka yi shari'a har ƙarshe aka wanke shi. Duk waɗannan ba su da hukunci a kansu. Amma tara hukunci ce, bulala hukunci ce, sharar titi da alƙali ya ɗora maka hukunci ne, ɗaurin je-ka-gyara-halinka ma haka. Kotun tafi-da-gidanka, duk da a ƙarƙashin rumfa take zama, kotu ce.

Sannan ka karanta tambayar da kanka, kalma bayan kalma, domin kowace ƙasa da abin da take tambaya. Fom ɗin Amurka, DS-160, yana tambayar ko an taɓa kama ka ko yanke maka hukunci, har ya ƙara da cewa ko da an yi maka afuwa daga baya. Ke nan wanda ya kwana a bayan kanta aka sake shi ba tare da zuwa kotu ba, amsarsa “e” ce. Masu karatu za su tuna ɗalibar nan ta Kano da aka kama a Madina a Disambar 2018, bayan wasu sun liƙa sunanta a jikin jakar ƙwaya tun daga filin jirgi, aka sako ta a ƙarshen Afrilun 2019 da gaskiya ta bayyana. Mutum irin wannan bai yi laifin komai ba, amma in ya zo kan wannan tambaya “e” zai sa, ya yi bayani, ya haɗa da takardar da ta wanke shi. Fom ɗin Ingila shi kuma yana tambayar hukunci, da shari'ar da ba a gama ba, da laifin tuƙi, har da hukuncin kotu kan bashin da ba a biya ba. Afuwar shugaban ƙasa a ƙarƙashin sashe na 175 na tsarin mulkin 1999, ko ta gwamna a sashe na 212, tana da girma a gida, amma ba ta goge tambayar daga fom ɗin wata ƙasa, kuma Amurka ba ta ɗaukar afuwar wata gwamnati a matsayin wadda ta share laifi.

Aiki na gaba shi ne mafi wahala, shi ne kuma wanda kowa ke tsallakewa: komawa kotun da ta yi shari'ar a karɓo kwafin hukuncin mai hatimi, wanda lauyoyi ke kira CTC. Na raka yaron nan. Ɗakin ajiyar wani ɗan lungu ne a bayan kotu, fayil-fayil ɗaure da zare tun daga ƙasa har silin, ƙura ta yi musu rawani. Magatakarda ya tambayi lambar ƙara, muka dubi juna. Ya tambayi shekara da wata, yaron ya ce “bayan ƙaramar sallah ne dai”. Da wannan aka jawo babban littafin rajista mai yagaggen bango, aka bi da yatsa layi-layi har aka tarar da sunansa, an ma rubuta shi ba daidai da na fasfo ba. Wannan kaɗai sai da ya jawo rantsuwar kotu don a nuna mutum ɗaya ne.

Ka rubuta takardar neman kwafin zuwa ga magatakarda, ka biya kuɗin hukuma, ka karɓi rasit. In an ce gara ta cinye fayil ɗin ko ambaliya ta tafi da shi, kada ka juya hannu rabbana. Nemi wasiƙa mai hatimin kotu da ke faɗin abin da littafin rajista ya nuna, da cewa an nemi fayil ba a samu ba. In kotun Musulunci ce, da Hausa aka rubuta shari'ar, sai an kai wa mai fassara wanda zai sa sunansa da hatiminsa, ba ɗalibin sakandare na gida ba. Mutanen Nijar masu neman Ingila su ma sai an juya tasu daga Faransanci.

In takardar ta zo hannunka, abu huɗu za ka nema a ciki: sashen dokar da aka tuhume ka da shi, iyakar hukuncin da wannan sashe ya tanada, abin da alƙali ya yanke maka, da ranar da ka gama biya ko ka fito. Da waɗannan ake auna ka a ko'ina. Ba a tambayar wa ya fara zagin wani.

Sai takardar shaidar hali ta 'yan sanda. A Najeriya ta intanet ake nema, a shafin POSSAP, a ɗauki hoton yatsunka, a duba a rajistar masu laifi da ke Alagbon a Legas. A Nijar kaziye ce ta kotu, wadda ke aiki wata uku. A Gana hedikwatar CID ta Akara ke bayarwa. Ba kowace biza ke buƙatarta ba. Ta yawon buɗe ido ba a cika nema ba, ta aiki da ta zama ce ke nema. Ma'aikatan jinya da malaman makaranta masu neman aiki a Ingila sai sun kawo daga duk ƙasar da suka zauna wata 12 ko fiye cikin shekara 10 da suka wuce, don haka wanda ya yi karatu a Sudan ko Masar ko Malesiya ya fara neman ta can da wuri. Wasu ƙasashen, irin su Tailan da Indonesiya da Barazil, sukan nemi takardar hukumar NDLEA ita ma.

Ga tarkon. Rajistarmu ba ta kama komai ba. Dokar shari'ar masu laifi ta 2015 ta ce a riƙa aika kowane hukunci rajista ta tsakiya, amma kowa ya san hukuncin ƙaramar kotu a ƙauye ba lallai ya isa Legas ba. Takardarka tana iya fitowa fes, an rubuta ba a samu komai ba. A nan Shaiɗan ke zuwa da shawara. Sai dai fom ɗin bai tambaye ka abin da ke cikin kwamfutar 'yan sanda ba, abin da ya faru ya tambaya. Kuma hanyoyin da asiri ke tonuwa sun fi yadda kake zato. EFCC tana wallafa sunaye da hotunan waɗanda ta yi nasara a kansu, NDLEA na fitar da sanarwa kusan kowane mako, jaridu suna ɗauka, intanet kuma ba ta mantuwa. Tun 2019 Amurka ke neman sunayen da ka yi amfani da su a Facebook da sauran shafukan sada zumunta cikin shekara biyar. Amurka da Ingila da Kanada da Ostireliya da New Zealand suna musayar hoton yatsu a tsakaninsu. Ga kuma tsohon abokin kasuwanci ko dangin matar da aka rabu dutse a hannun riga, waɗanda aika saƙo ofishin jakadanci ba ya yi musu wuya. Mafi ciwo shi ne wanda ƙaryar ta wuce da shi, ya je ya zauna, ya yi iyali, sai ranar neman takardar zama ta dindindin aka jera tsohon fom da sabo.

To, in ka faɗi gaskiya me zai faru? Ya danganta da inda ka nufa.

Ingila da tsawon ɗauri take aunawa. Tun 1 ga Disambar 2020, wanda wata kotu a ko'ina cikin duniya ta yanke wa ɗaurin wata 12 ko fiye, ƙa'ida ta ce a hana shi, ko shekara nawa aka yi, sai da wani dalili mai ƙarfin gaske. Abin da alƙali ya furta ake ƙirgawa, ba abin da ka zauna ba, don haka “wata takwas kawai na yi gwamna ya sake mu” ba ya rage komai. Kuɗi da suna ma ba sa ragewa: tun kafin wannan ƙa'ida, Mike Tyson, wanda aka yanke wa shekara shida a 1992, sai da ya soke tafiyarsa ta tallar littafi zuwa Landan a Disambar 2013 saboda an rufe masa ƙofa. Wanda hukuncinsa bai kai wata 12 ba, ko tara ce kawai, in ziyara yake nema dole ya bari shekara guda ta cika bayan gama ɗaurin ko bayan ranar hukuncin. In karatu ne ko aiki, jami'i yana da ikon dubawa ya yanke, yana la'akari da girman laifin da daɗewarsa da ko an maimaita. A nan ɗan ƙanwata ya faɗa: faɗa ɗaya, tara, shekara tara ba a sake jin kansa ba. Masu sasantawa da EFCC su lura, domin “shekara ɗaya ko biyan tara” da ake yawan yankewa a kan layin wata 12 ɗin yake zaune daram. Wannan ba na yaron kafe ba ne, na lauya ne.

Amurka ita ba tsawon ɗauri ta fi dubawa ba, irin laifin take dubawa. Dokar shige da ficenta ta 1952, a sashe na 212, ta ware laifuffukan da take ganin suna nuna ɓacin hali: sata, zamba, cin amana, jabun takardu, karɓar kayan sata da sani, fyaɗe, kisa, jikkata mutum da gangan. Ɗaya daga cikinsu ya isa ya hana ka. Dambe na hannu da hannu ba a cika sa shi a wannan layi ba. Akwai rangwame biyu. Na farko ga wanda ya yi laifi ɗaya tak kafin ya cika shekara 18, kuma shekara biyar ta wuce da yin laifin da kuma fitowarsa. Na biyu ga laifi ɗaya ƙarami, wanda iyakar hukuncinsa a doka bai wuce shekara ɗaya ba, kuma ba a yanke maka fiye da wata shida ba. Ka ga amfanin sanin iyakar hukuncin sashen ke nan. A kundin Final Kod na Arewa sata tana iya kai mutum shekara biyar. Ke nan wanda ya ɗauke waya a kasuwa aka ci shi tarar dubu biyar, ba ya shiga rangwamen, duk da ko ƙofar gidan yari bai gani ba.

Ƙwaya kuwa babu rangwamen ƙaramin laifi a kanta. Ƙullin wiwi ɗaya, in kotu ta hukunta ka a kai, ya isa. Ko ba a kai ka kotu ba, in ka amsa da bakinka a gaban jami'i, zai iya hana ka. In kuma yana da dalilin zaton fatauci kake yi, ba ya buƙatar hukuncin kowace kotu, kuma haramcin kan iya shafar mata da 'ya'yan da suka ci moriyar kuɗin da saninsu. Iyayen da 'ya'yansu suka faɗa harkar kodin da tiramadol a shekarun baya, su nemi takardun kotun tun yanzu su san ainihin abin da aka rubuta.

Duk da haka ƙofar ba ta rufe ruf ba. Mai neman bizar ziyara ko karatu da aka hana saboda tsohon laifi yana iya roƙon jami'in da ya yi masa intabiyu ya nema masa ɗage haramcin na ɗan lokaci. Jami'in ke ba da shawara, hukumar tsaron iyaka a Amurka ke yankewa, kuma yakan ɗauki watanni. Suna duba daɗewar laifin da girmansa da dalilin tafiyar. Amma kafin ka kashe ko kwabo, duba shafin ofishin jakadancin ka ga ko fasfon ƙasarka ma ana ba shi irin bizar da kake so a yanzu. A Yunin 2025 an rufe wa 'yan Chadi da Sudan ƙofa, a Yulin shekarar aka mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta shiga sau ɗaya cikin wata uku. Ƙa'idojin nan ba sa zama wuri ɗaya.

Kanada tsarinta ya fi burge ni, domin ta yarda mutum yana gyaruwa har ta sa wa abin wa'adi. Tana ɗaukar laifinka ta ɗora a kan dokarta, ta ga da a can ka yi shi me zai zama. Abin da ba laifi ba ne a can, misali bulalar shan giya da kotun Musulunci ta yi wa mutum, ba ya hana shiga, amma sai an faɗa su auna da kansu. In laifi ne a can, bayan shekara biyar da gama hukuncin kana iya neman a shaida ka gyaru. Bayan shekara goma, in laifi ɗaya ne kuma ba babba ba, ana iya ɗaukar ka gyaru ba sai ka nema ba. Ƙirgen daga ranar da ka gama biyan tarar yake farawa, shi ya sa rasit ɗin nan yake da daraja. Sai dai tuƙi cikin maye, tun Disambar 2018, ya koma sahun manyan laifuffuka a wurinsu. Ostireliya layinta wata 12 ne, tana kuma haɗa ƙananan ɗauri ta tara su. Japan shekara ɗaya ne, ƙwaya kuma ko nawa ce. Maradona kansa sai da ta hana shi biza lokacin gasar cin kofin duniya ta 2002, daga baya aka ba shi izini na musamman.

Ƙasashen Shengen 29, su Faransa da Jamus da Italiya da Sifen, fom ɗinsu na gajeriyar ziyara ba ya ma tambayar tsohon laifi. Abin da ba a tambaye ka ba, ba dole ka ɗauko shi ba. Su rumbun bayanansu na bai-ɗaya suke dubawa: in ɗaya daga cikinsu ta taɓa korar ka ta sa maka haramcin shiga, sauran duka za su gani. Wanda ya bi ta Agadas da Libiya ya tsallaka Italiya aka dawo da shi, wannan ne abin da zai bincika. Irin wannan haramci galibi ba ya wuce shekara biyar, kuma kana da haƙƙin rubutawa ka tambayi abin da aka ajiye da sunanka. Bizar dogon zama ta karatu ko aiki ita ce wasunsu ke neman takardar 'yan sanda a kanta.

Tambayar da aka fi yi mini ita ce ta Makka. Wanda ya taɓa zaman gidan yari a gida, ya fito ya tuba, ya tara kuɗin kujera, zai iya sauke farali? Takardar 'yan sanda ba ta cikin abin da aka saba nema wurin maniyyaci, ko ta hukumar alhazai ta jiha ya bi ko ta jirgin yawo. Mai neman bizar aiki shi ake nema wa. Abin da Saudiyya ta fi riƙewa shi ne abin da ka yi a cikin ƙasarta. Wanda ya je Umara ya maƙale ya zama takari, ko ya gudu daga hannun kafilinsa, aka kama shi aka bi da shi ta tarhil a Shumaisi, an ɗauki yatsunsa kafin a sa shi jirgi. A da mutane kan dawo su yi sabon fasfo da sabon suna su koma. Wannan zamanin ya wuce. Yatsa ba ya canja suna, kuma mutum yana iya samun biza ya hau jirgi da haraminsa a jaka, a ɗora hannunsa a na'ura a Jidda ko Madina, a juyo da shi a jirgi na gaba, kuɗin kujera sun tafi. Wa'adin haramcin ya danganta da dalilin korar, don haka wanda aka taɓa korowa ya faɗa wa jami'in alhazai ko kamfanin tun kafin ya ajiye kuɗi, a bincika masa. A 2025 hukumomin Saudiyya sun sanar da tarar da ta kai riyal 20,000 ga mai yin Hajji ba izini, da kora da haramcin shekara 10 ga baƙin da suka saci jiki suka shiga. Masu zuwa da bizar ziyara su laɓe har Arfa, da wannan suke wasa.

Cikin ƙasashen ECOWAS babu biza, kwana 90 ne tun yarjejeniyar 1979, ko da yake kowace ƙasa ta riƙe ikon mayar da wanda ba ta so daga bakin iyaka.

Wanda shari'arsa ke gaban kotu yanzu, nasa daban ne. Sau da yawa ajiye fasfo yana cikin sharuɗɗan beli. In tafiya ta kama, ta asibiti ko ta Umara, lauyanka zai shigar da roƙo a ba ka fasfon na ɗan lokaci, da ranar tafiya da ranar dawowa da takardar likita in akwai. Alƙalai suna bayarwa. Abin da ba a yi shi ne sulalewa ta Jibiya ko Illela ko Maigatari, ko zuwa ofishin fasfo a ce na farko ya ɓata. Ranar zaman kotu in ba a gan ka ba za a ba da sammacin kama ka, kuma dattijon da ya tsaya maka shi za a fara riƙewa.

In ka sa “e”, za a ba ka wurin bayani. Yi shi gajere. Ranar kaza, kotu kaza, laifi kaza a sashe kaza, an yanke mini kaza, na gama ranar kaza, tun daga nan ba a sake kama ni ba, ga abin da nake yi yanzu. Sai ka jingina kwafin hukuncin da rasit da takardar 'yan sanda da wasiƙar wurin aikinka ko makarantarka. Wurin nan ba na ɗaukaka ƙara ba ne. Na ga wanda ya cika shafi biyu yana bayanin sharrin maƙiya da yadda aka sayi alƙali. Ko da gaskiya ne, jami'in da ke karantawa ba shi da ikon sake shari'ar, abin da zai gani kawai mutum ne da har yau bai karɓi laifinsa ba. In hukuncin zalunci ne, babbar kotu ce wurin warware shi, kuma takardar da ta soke shi ta fi kowane dogon bayani.

Ƙaramin laifi ɗaya da ya daɗe, kai da kanka za ka iya. In ɗaurin ya kai shekara, ko ƙwaya ce, ko zamba, ko laifin ya fi ɗaya, ko an taɓa koro ka daga wata ƙasa, nemi lauyan shige da fice mai lasisin ƙasar da za ka. Ingila da Kanada duk suna da rajistar masu lasisi a intanet, ka duba sunansa kafin ka tura masa kuɗi. Duk ejan da ya ce yana da mutum a ciki wanda zai goge maka suna, tashi ka kama gabanka. Kada ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito, domin fayil mai “e” yakan daɗe fiye da na kowa, kuɗin biza kuma in an hana ka ba a mayarwa. In an hana, karanta wasiƙar ka ga sashen da aka ambata, domin sau da yawa ba laifin ba ne ma, takardar banki ce ba ta gamsar ba. Hanin kansa ya zama abin da za ka faɗa a fom na gaba. In kuma an ba ka, sa kwafin takardun nan a jakar hannu, ba a akwatin da za a auna ba, saboda jami'in filin jirgi yana da ikon sake tambaya, kuma abin da ka faɗa masa dole ya zo daidai da abin da ka rubuta.

Mu dai sai da muka yi sawu uku kafin kwafin hukuncin ya fito. Rasit ɗin tarar ne ya gagara, kotu ta ce littafin rasit na waccan shekarar ba ya wurinta. Muna zaune a tsakar gida muna jajantawa, sai ƙanwata ta tashi ta shiga ɗaki. Muka ji ƙarar kwalla. Ta fito da wata 'yar takarda da ta yi ja, an ninke ta huɗu, daga ƙarƙashin zannuwanta, tare da katin rigakafinsa na jarirai. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, don haka ni ta miƙa wa.

“Yaya, ga ta. A gaya wa yaron nan tunkiyata ce wannan. In Turawan sun gama gani a dawo mini da abata.”